Ɗakin Kwanon da Ya Kusa Raba Mu da Kaka

Ranar wata Laraba ce, makonni kaɗan bayan Babbar Sallah, a bazarar shekarar da aka fara aiki da Shari'a a Zamfara. Na dawo daga makarantar boko da azahar, ina ɗan aji biyar, na tarar da kakata, mahaifiyar babana, zaune a bakin ƙofar ɗakinta ta ɗaure kayanta cikin zane. Tabarmar sallarta na naɗe, butarta na gefe. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana tsaye a bakin murhu da muciya a hannu, idanunta sun yi ja, kuma na san ba hayaƙi ne ya sa su ja ba. Na durƙusa na gaida Kaka. Ba ta yi mini tsiyar da ta saba ba. Ta dube ni da idanun da suka faɗa, ta ce, "Maigida, in Mai mota ya dawo ka ce mishi Sakajiki ni ka son komawa. In mutuwa ce, ta iske ni ɗakina."

Ya kamata in koma baya in faɗi yadda aka zo nan, domin ba na son labari a hargitse. Babana direban babbar mota ne a Ƙaura Namoda, yana jigilar hatsi da gyaɗa da dabbobi tsakanin kasuwannin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Shi ne ɗan farin Kaka, kuma ita tsohuwa ce ta zamanin da ake kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce Mai mota. Ba ta duban fuskarsa. In ya durƙusa ya gaishe ta, amsa take yi tana kallon bango. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu ni nake ɗauka in kai, in ɗauko amsa in dawo, ko da kuwa tabarma ɗaya ce a tsakaninsu. Ni kuwa, da yake jika ne, ta mai da ni mijinta na wasa, kullum tana yi mini gorin ban iya cefane ba.

Da kakanmu namiji ya rasu, ta gama takaba, babana ya yi niyyar dawo da ita wurinmu daga ƙauyensu Sakajiki. Gidanmu a lokacin duk ginin ƙasa ne, soraye masu rufin azara da indararo. Ya ce uwarsa ba za ta bar soro ta dawo soro ba. Ya sa aka gina mata ɗaki da bulo da siminti a gabashin tsakar gida, aka rufa shi da kwano, aka yi masa silin fari, aka shafe ƙasansa sumul. Babu irinsa a layinmu. Ranar da ake buga kwanon, yara sun taru suna tsintar guntayen da kafinta ya yanke, mu kuwa 'yan gidan muna korarsu da fankama, don da guntayen nan muke ƙera motoci. Kafintan ya bar kafofi a ƙololuwar bango ta gabas da ta yamma, inda bango ya yi tsini ya haɗu da kwano. Ya kuma bar tazara siririya tsakanin kan bango da kwano ta kowane gefe. Ya gama aikinsa ya tafi. Babu wanda ya tambaye shi dalilin kafofin, shi ma bai faɗa ba.

An kawo Kaka bayan an gama girbi, sanyi ya fara shigowa. Wanda ya rako ta shi ne Baffa Mamman, ƙanin babana, manomi, wanda duk Sakajiki aka san shi da iya ginin rumbu. Babana yana kan hanya ranar. Baffa ya zaga ɗakin yana jinjina kai, yana ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, har ya ɗaga ido ya ga kafofin. Nan take fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Wanga kafinta makaho na? Ya bar ma tsohuwa ɗaki da huji kamar rariya! Ko rumbun dawa ba a bari haka nan. Ku mutanen birni, da sanyi za ku kashe muna ita." Bai zauna ba. Ya tuɓe riga, ya sa aka kawo jar ƙasa, ya kwaɓa ta da yayin ciyawa da ruwa, ya tattake ta da ƙafa har ta yi danƙo, ya hau tsani ya liƙe kafofin gabas da na yamma. Da ya gama da su sai ya bi tazarar nan ta ƙarƙashin kwano ya cusa tsumma, ya bi da yaɓe, ya shafe da tafin hannu. Aiki ne mai kyau, wannan ba zan hana shi ba. Ko ƙwaro ba zai sami hanya ba. Da babana ya dawo ya gani, godiya ya aika masa, ya ce ɗan'uwa ya ƙarasa abin da kafinta ya bari.

Watannin sanyin nan su ne mafi daɗi a ƙuruciyata. Tsarin yinina a bayyane yake. In na idar da asuba sai makarantar allo, in dawo in share ƙofar gida, in ja ruwa a rijiya in cika randar Kaka, sannan in sha koko in ruga boko kafin a kaɗa ƙarfe, don wanda ya makara tsintar ganye zai yi a filin makaranta har a gama darasin farko. In an taso sai in ɗauki lauje da buhu in nufi bakin gulbi neman ciyawar rago, inda muke tsayawa mu yi langa a kan yashi har wani ya yi kuka. Da yamma kuwa ɗakin Kaka nake tarewa. Tana kaɗin auduga, mazarinta na juyawa a kan 'yar fata, tana ba ni ƙuli-ƙuli daga cikin adudunta, tana ce mini, "Ci, maigida, tunda kai ba ka kawo komi ba." Ita ta koya mini ɓarar gyaɗar iri ba tare da na fasa ƙwaya ba, ita ta koya mini cewa ba a zuba sabon ruwa a randa sai an kwashe na jiya. A ɗakin nan na fara sanin cewa kowane aiki yana da abin da ake fara yi da abin da ake ƙarewa da shi.

Sai bazara ta shigo. Duk wanda ya san Ƙaura ya san zafinta, ranar da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa, kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin randa. Kaka ta yi abin da ta saba yi tun tana yarinya a Sakajiki: in rana ta take, sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa. A soron ƙasa wannan shi ne daidai, domin ƙasa mai kauri tana tare rana, cikin ɗaki ya yi sanyi kamar bakin tulu. Ba ta san ɗakin kwano ba haka yake ba. Ga shi gidan babu itace, babu inuwar kirki, kuma ba za ta zauna a tsakar gida inda ɗanta na fari zai shigo ya same ta a miƙe ba. Da dare ma, mu duk mukan fito da tabarmi waje, ita kuwa ta ce raɓa na tayar mata da ciwon gwiwa. Haka ta riƙa yini ta kwana a ciki.

Da farko kaɗin ta daina. Daga nan ta rage cin abinci, tuwo ya riƙa dawowa kamar yadda aka kai shi. Sai ciwon kai, sai jiri, sai ƙuraje a wuya da baya. Bakinta ya bushe, maganarta ta yi ƙasa. Wata rana na kai mata ruwa ta ce, "Maigida, ka aje ni cikin tanda, ko mai ba ka zuba ba." Na ce mata to ta juya ɗaya gefen don ta gasu daidai. Muka yi dariya. Tsakanina da ita komai wasa ne, kuma a bazara kowa kukan zafi yake yi, don haka maganar ta wuce. Ita kuwa ba za ta taɓa aika wa ɗanta cewa ɗakin da ya yi mata don girmamawa yana cutar da ita ba. A wurinta wannan butulci ne.

Hankalin babana ya tashi, domin ba a daɗe da annobar sanƙarau ba, kuma kowa na tuna gidajen da ta shiga. A lokacin 'yan kabu-kabu sun daina ɗaukar mata, sai ya nemo motar haya ta mata aka kai ta wani ɗakin shan magani. Aka duba wuyanta, aka duba jininta, aka ce ba sanƙarau ba ne, ta dai riƙa shan ruwa da yawa. Ta dawo ta sake shiga ɗakin. Da ciwo ya ƙi bayyana sunansa, sai mutane suka nemo masa suna. Matan da ke zuwa dubiya suka fara raɗa a zaure cewa tsohuwa ta zo da ƙibarta, ga ta nan tana tsotsewa a hannun suruka. Maganar ta kai Sakajiki ta dawo da ƙari. Inna ta ji. Ita ce mai tashi tun da duhu ta dama wa Kaka kunun tsamiya, ita ce mai wanke mata zannuwa, amma ba ta da bakin kare kanta, don suruka ba ta jayayya a kan uwar miji. Abin da ya sa na tarar da idanunta ja ranar Larabar ke nan. In Kaka ta koma a wannan hali, mun rasa ta, kuma maganar mutane ta tabbata a kan Inna.

Babana ya dawo kafin la'asar. Na isar da saƙo yana tsaye, Kaka na zaune tana kallon bango. Shi ba mai musu da uwarsa ba ne. Ya ce in gaya mata ya ji, za a aika wa Baffa ya zo ya tafi da ita. Sa'an nan ya ce in ɗauko tsani in hau in sauko mata da sauran kayanta. Akwai wata 'yar ƙofa a silin ɗakin, kuma tun zuwanta aka ajiye ƙorai da faya-fayanta da wasu tarkace a can sama, tsakanin silin da kwano.

Na hau na ture murfin na cusa kaina. Ban taɓa jin irin wannan zafin ba, kuma har yau ban sake ji ba. Ba zafin rana ba ne, wani abu ne mai nauyi da ya cika hanci da baki, ga duhu ƙirin, ga warin katako da ya gasu. Na ja jiki na shiga ina laluba. Ƙwaryar farko da na ɗauka ta tsage biyu a hannuna. Bokitin roba ya lanƙwashe kamar an taka shi. Kyandirorin da aka ɗaure a takarda sun narke sun zama curi guda. Bayana ya taɓa kwano na yi ƙara. Na miƙo abin da na iya, na sauko, na zauna daɓas a ƙasa rigata sharkaf. Inna ta manta da kunya ta rugo cikin ɗakin surukarta ta kwara mini ruwa a ka.

Babana ya dube ni, ya dubi curin kyandir. Ya hau tsanin da kansa ya leƙa, bai daɗe ba ya janye kai yana fitar da numfashi. Ya ɗora bayan hannunsa a jikin silin kamar yadda yake taɓa lagireton motarsa in ya tsaya a hanya. Ya fita tsakar gida muka bi shi, ya ja da baya ya ɗaga kai, ya tsura wa jar lakar nan ido, wadda ta fita daban a jikin siminti. Ya ce, "Innalillahi. Ko mota ka toshe ma gaba da buhu, kahin Zurmi ta tahasa. Mu munka dahe tsohuwa da hannunmu."

Washegari Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, wadda ban taɓa ganin ya yi fashinta ba. Bai je ba, ni ma ya ce ba boko. Aikin da ya yi ranar ina iya faɗinsa daki-daki. Da farko ya sa na roƙi Kaka ta koma soron Inna, kuma sai da na yi mata barazanar saki kafin ta yarda. Na biyu, tun rana ba ta ɗaga ba, ya hau da guduma ya farfasa lakar kafofin gabas, ya zaga ya farfasa ta yamma. Lakar Baffa ta yi tauri kamar dutse, yana bugu yana cewa, "Mamman ya iya aiki, wallahi ya iya." Na uku, ya bi ƙarƙashin kwano ya zaƙulo yaɓen da tsummokaran gaba ɗaya, ni ina kwashewa a kwando. Na huɗu, ya aika aka sayo ragar ƙarfe mai ƙananan ido, ya yanka ya buga a kan kowace kafa da tazara, don kada jemage da ɓera su sami gida. Daga ƙarshe ya kafa rumfar zana a ƙofar ɗakin ta ɓangaren da rana ke faɗuwa.

Da rana ta take, ya kira ni da Inna. Ya kunna ɗan tsumma ya kashe wutar, ya ɗaga shi kusa da tazarar ƙarƙashin kwano. Muna kallo hayaƙin ya lanƙwasa ya shige ciki kamar ana jan sa da zare, can kuma sai ga shi yana fita siriri ta kafar sama. Ya ce mana zafi sama yake hawa, in ya sami ƙofa a ƙololuwa ya fice, sabuwar iska ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinsa. In ka buɗe sama ka toshe ƙasa, ko ka buɗe ƙasa ka toshe sama, ba ka yi komai ba. In kuwa ka toshe duka, zafin ba shi da wurin zuwa sai ya sauko ta silin a kan wanda ke kwance.

Kaka ta koma ɗakinta don jiran Baffa, ba don ta fasa tafiya ba. Ba zan ce ɗakin ya koma soro ba, kwano dai kwano ne, amma mutum na iya zama a ciki ya yi numfashi. In rana ta yi tsanani sai ta fito rumfa, inda zana ta kare ta daga idon mai shigowa. Muka zuba ido. Kwanon tuwo ya fara dawowa da rabi, daga baya ya dawo babu komai. Ta yi barcin rana har da minshari. Wata yamma na dawo daga ciyawa na jiyo ƙarar mazari, na leƙa, ta ce, "Mi ka ka kallo, malalacin miji?" Na ruga na gaya wa Inna, ta ce in rufe bakina, ba a san abin da tsohuwa ta yanke ba tukuna.

Baffa ya iso ranar wata Juma'a da hantsi. Tun daga zaure ya hango aikinsa a farfashe, ya shigo yana faɗa. "Wa ya yi wagga ɓarna? Yaya, kai da kanka?" Babana ya ce masa ya shiga ya gaida Iya, wato Kaka, tukuna. Baffa ya shiga ya zauna. Aka kawo masa fura. Babana ya miƙa masa curin kyandir da ƙwaryar da ta tsage, ya gaya masa inda aka samo su. Baffa ya juya su a hannu. Ya ce, "To ɓeraye fa?" Aka nuna masa raga. Ya ce, "To in sanyi ya dawo?" Babana ya ce akwai silin, akwai bargo. Baffa ya shafa gemu, ya ce, "Ni abin da nis sani, abu mai daraja liƙe shi a ka yi." Babana ya ce, "Gaskiya ne, Mamman, amma Iya ba gero ba ce." Kaka ta juya wa bango fuska, kafaɗunta na rawa don dariya.

Da ya gama shan fura ya ce, "To Iya, tashi mu tahi, kar mu rasa Juma'a." Da shi tana magana kai tsaye, tunda ba ɗan fari ba ne. Ta ce, "In tahi ina? In bar ma wa wanga miji nawa da ko gishiri bai iya saye ba? Kai dai koma. In ka isa ka aiko mini da akuyata da irin kuɓewa, damana ta kusa." Sa'an nan ta ɗaga murya yadda za a ji daga bakin murhu. "Kuma ka hwaɗa ma matan Sakajiki su kama bakinsu. Yarinyar ga ba ta rage ni da komi ba." Na juya na dubi Inna. Ta sunkuya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara, hawaye na ɗiga a toka. Babana ya tashi ya fita zaure, na ji shi yana ta alhamdu lillahi shi kaɗai.

Kaka ta zauna da mu shekaru masu yawa bayan haka, har ta ga aurena, kuma a ɗakin nan Allah ya karɓi abinsa, cikin damina, Inna na riƙe da hannunta.

Yanzu in na bi sababbin unguwannin Ƙaura sai in ga gidaje masu dogayen rufi, kwano kala-kala, silin roba mai sheƙi, ko'ina a liƙe ruf don ado. Masu gidan na zaune a ciki suna fifita da kwali suna jiran a kawo wuta fanka ta juya. In aka tambaye ni, abin da nake faɗa ba ya sauyawa: kafin ka zaɓi launin kwano, tambayi magini ta ina iska za ta shiga, ta ina za ta fita, ka sa raga, kuma ka hana kowa toshewa. Wasu su ji, wasu su ce ƙwari za su shiga. Ba na jayayya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne irin tsofaffin nan da ba su iya kuka da alherin da aka yi musu, sun ƙare ko sun kusa. Yanzu kowa na faɗin abin da ke damunsa, kuma hakan ya fi sauƙi. Amma in gidanka akwai mai yin shiru, kada ka jira ya faɗa, shiga ɗakinsa da tsakar rana ka zauna.